Makin Sufeto da Zaɓin Uba: Martani ga Masu Kiran a Kafe Darajar Makarantu a Karkarar Arewacin Kano

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yuni na 2024, shawarwari suke ta kwararowa kan yadda za a farfaɗo da makarantun Jihar Kano. Ɗaya daga cikinsu ta fi sauran samun shiga a tarukan ƙara wa juna sani: wai a riƙa fitar da makin da jami'an duba makarantu suke bayarwa, a kafe shi a ƙofar kowace makaranta, a karanta shi a rediyo, domin uba ya duba kafin ya kai ɗansa. A ganin masu wannan ra'ayi, da zarar iyaye sun san makarantar da ta ci da wadda ta faɗi, za su kwashe 'ya'yansu zuwa mai kyau, ita kuwa marar kyau kunya da raguwar ɗalibai za su tilasta mata gyara. Wani abokin aikina, masanin harkar gudanar da makarantu, ya fi kowa iya tsara hujjojin wannan ra'ayi, kuma da shi zan yi a wannan maƙala, domin mai hujja mai ƙarfi shi ya cancanci doguwar amsa.

Abin da nake gani shi ne, a ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Kunci, Bici, Tsanyawa da Ɓagwai, makin sufeto ba zai taka wata muhimmiyar rawa ba wajen zaɓar makarantar firamare, kuma kuɗin da za a kashe wajen yayata shi ya fi dacewa da wani aikin duba makarantu na daban.

Tarihin aikin sufeto a Nijeriya sananne ne (Fafunwa, 1974), ba sai an maimaita ba. Ya isa a tuna cewa Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar sufetocinta a 1973, daga baya aka sauya wa aikin suna ya koma tabbatar da inganci, inda makaranta take fara auna kanta, sannan jami'ai su zo daga waje su ba ta matsayi a mizani mai hawa biyar, daga mafi kyau zuwa mafi muni. Shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 ya taimaka wajen dasa wannan salo a Kano da wasu jihohi biyar. Wannan makin ne ake so a mayar da shi jagoran iyaye.

Tsakanin me da me uba yake zaɓa?

Kalmar zaɓi a bakin abokin aikina tana nufin firamare biyu ko uku a jere, uba yana auna su. Manomin da ke wani ƙauye a ƙasar Kunci lissafinsa ya wuce haka. Yana da yara, a ce, shida da suka isa karatu. Akwai makarantar allo a zauren malamin unguwa, da asuba da dare. Akwai Islamiyya da yamma. Akwai firamaren gwamnati da safe. Akwai kuma alaramman da zai tafi da yaro gabas ko birni da zarar an gama girbi. A gefe guda ga gona tana jira: daga saukar ruwa a watan Yuni har a kai ga yankan gero da roron wake, hannun yaro ɗan shekara goma yana da daraja, haka ma a wuraren noman rani irin bakin madatsar Watari a Ɓagwai ko ta Thomas a yankin Dambatta. Yarinya kuma ga tallan mahaifiyarta, wanda da ribarsa ake tara kayan ɗaki. Tambayar da uban yake yi wa kansa ita ce wane yaro zai saka a boko, har zuwa aji nawa, kuma wa zai bari a gida. Hoechner (2018) ta nuna yadda talakawan Kano suke raba 'ya'yansu tsakanin waɗannan hanyoyi bisa lissafin abin hannu da abin da suke tsammanin karatun zai haifar. Mizanin sufeto bai shafi makarantar allo ba, bai kuma shafi gona ba, alhali su ne ainihin abokan takarar firamare a nan.

Sai nisa. A lardin Ghor na Afganistan, Burde da Linden (2013) sun gano cewa buɗe makaranta a cikin ƙauye ya ɗaga shigar 'yan mata da maki 52 cikin 100, na maza da 35. Duk wanda ya san yadda uba a karkararmu yake ji game da 'yarsa ta ratsa gonakin dawa ita kaɗai, ko ta tsallake rafi da damina, ba zai yi mamakin wannan adadi ba. Da wuya allon da aka rubuta wa "mai kyau" a wani gari mai tafiyar awa guda ya rinjayi wannan damuwa.

Hujjar cunkoso da hujjar Punjab

A nan ne abokin aikina yake kawo amsarsa mafi nauyi, kuma dole a tsaya a kanta. Yana cewa maganar nisa ta dace da dajin Borno ko Yobe, amma ƙasar Kano daban take. Tun nazarin Mortimore da Wilson (1965), sannan Hill (1977), an san kewayen Kano da cunkoson jama'a, gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Bayan shirin UPE na 1976 da dokar UBE ta 2004, kusan kowace mazaɓa tana da firamare fiye da ɗaya, ga Islamiyyu masu haɗa darussan boko, ga ƙananan makarantun kuɗi da suke tsirowa a garuruwan bakin titi. Don haka, in ji shi, idan akwai karkarar da zaɓi yake yiwuwa a Arewa, to wannan ce. Daga nan sai ya jawo gwajin da Andrabi, Das da Khwaja (2017) suka yi a ƙauyuka 112 na Punjab a Pakistan, inda aka raba wa iyaye a rabin ƙauyukan katin sakamakon makarantun ƙauyensu. Sakamakon yara ya ƙaru, kuɗin makarantu masu zaman kansu ya sauka da kashi 17 cikin 100, shiga firamare ya ƙaru da kashi 4.5 cikin 100. Manoma ne Musulmi, da yawansu ba su yi karatun zamani ba, kuma sun yi aiki da bayanin. Me zai hana namu?

Na yarda da rabin farko. Cunkoson ƙasar Kano gaskiya ne, kuma yana rage ƙarfin hujjar nisa, musamman ga yara maza da kuma garuruwan da ke kan hanyar Kano zuwa Katsina ko Kano zuwa Daura. Gwajin Punjab kuma ya raunana wani tsoro da wasunmu suke da shi, cewa mummunan sakamako zai sa uba ya cire ɗansa daga boko gaba ɗaya. A can dai shiga makaranta ƙaruwa ya yi. Saboda haka ba zan ce bayani ba ya amfanar iyayen karkara ba. Da'awata ta fi haka ƙanƙanta, kuma ina ganin ta fi tsayuwa da ƙafarta: abin da aka ba iyayen Punjab daban yake da abin da ake so a ba iyayen Kano, kuma abin da ya motsa makarantun can babu shi a firamarenmu na gwamnati.

Katin Punjab sakamakon jarrabawa ne. Masu binciken sun gwada yaran da kansu a lissafi da Turanci da Urdu, suka rubuta wa kowane uba makin ɗansa, da matsakaicin makin kowace makaranta a ƙauyen. Babu hukuncin jami'in da ya zagaya ya duba takardu a ciki. Wanda ya kafa hujja da wannan gwaji don kare makin sufeto ya ɗauki shaidar wani abu ya jingina wa wani.

Na biyu kuma ya fi muhimmanci. A ƙauyukan da aka yi gwajin akwai makarantu masu zaman kansu da yawa, waɗanda cinsu da shansu ya dogara ga kuɗin da iyaye suke biya. Ɗalibi ya tafi, mai makaranta ya yi asara. A Ingila ma kuɗin gwamnati yana bin yawan ɗalibai ne. A firamaren gwamnati ta ƙauyen Kano fa? Hedimasta ba shi yake ɗaukar malami ba, ba shi yake korar sa ba. Wannan yana hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Albashi ba ya ƙaruwa ko raguwa da yawan yara. Malamin da yake fama da yara fiye da ɗari a aji guda, idan talatin suka koma wata makaranta, sauƙi ya samu. Ita kuma makarantar da aka ce mai kyau ce, yaran da za su kwararo mata ba za su zo da ƙarin malami ko benci ba, sai ta cika ta batse, ingancin da aka yaba ya zube. A jawabin ayyana dokar ta-ɓacin, gwamna da kansa ya ambaci makarantu kusan 400 da malami ɗaya tak yake riƙe da dukkan azuzuwansu. Idan aka kafe wa irin wannan makaranta "mafi muni" a ƙofa, wa aka hukunta? Malamin nan guda da ya daure yake zuwa, da mutanen garin da ba su da hannu a rabon malamai. Makin na ma'aikatar da ta kasa turo malamai ne, amma a bangon ƙauye za a rubuta shi.

Abin da sufeto yake gani, da abin da gari ya sani

Abokin aikina yana da amsa a nan ma. Ya ce ko da makin bai haifar da gasa ba, haƙƙin uba ne ya san gaskiyar makarantar ɗansa, kuma ɓoye masa raini ne ga talaka. Wannan magana tana da nauyi a wurina, domin raina manomi cuta ce da ta daɗe a cikin 'yan boko. Sai dai ta ginu a kan zaton cewa sufeto ya san abin da uban bai sani ba. Ina shakkar haka ƙwarai.

Tawagar dubawa tana zuwa kwana ɗaya ko biyu, kuma labarin zuwanta yakan riga ta isa. A share fili, a cike rajista, a rubuta tsarin darussan da aka kwana biyu ba a taɓa ba, malamin da yake zaune a birni ya yi sammako. Ba zargin ha'inci nake yi wa kowa ba. Duk wanda aka ce za a auna shi ranar kaza zai shirya wa ranar. Amma mutanen gari suna ganin makarantar kowace rana. Sun san malamin da babur ɗinsa yake isowa da hantsi ya juya kafin azahar. Sun san ranar kasuwa aji yakan zama kango. Sun san ajin da rufinsa ya yaye tun iskar farkon damina, da malamin da yake duka fiye da kima, da ko akwai malama mace da makewayin da yarinya mai tasowa za ta iya shiga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan uwa ta ce "makarantar nan ba a karatu, wasa kawai suke yi", hukuncin shekara guda ta yanke, daga abin da ta gani da idonta.

Ko a inda aikin sufeto ya fi namu kuɗi da ƙwarewa, makin bai cika faɗin abin da ake zato ba. A Ingila, inda hukumar Ofsted take aiki tun 1992, von Stumm da abokan aikinta (2021) sun gano cewa makin hukumar yana bayyana kusan kashi 4 cikin 100 na bambancin sakamakon ɗalibai a jarrabawar shekara 16, kuma da aka cire tasirin ƙoƙarin yaro na baya da halin gidansu sai ya koma kashi 1. Ma'ana, yawancin abin da makin yake nunawa shi ne irin yaran da suka shiga makarantar. Bayan rasuwar shugabar makaranta Ruth Perry a Janairun 2023, wadda mai binciken musabbabin mutuwa ta ce dubawar da aka yi wa makarantarta tana da hannu a ciki, gwamnatin ƙasar ta soke hukuncin kalma ɗaya a Satumban 2024. Abin da masu shi suka ajiye bayan dogon gwaji, bai kamata mu ɗauka ba tare da tambaya ba. Misalin da ya fi kusa da halinmu kuwa na jihar Madhya Pradesh ne a Indiya, inda aka auna makarantun gwamnati, aka ba su maki, aka rubuta wa kowace tsarin gyara. Muralidharan da Singh (2020) sun bi sawun shirin, suka tarar an cika takardu yadda aka tsara, amma zuwan malamai bai canja ba, karatun yara ma bai canja ba.

Adalci ya sa in ambaci binciken Hussain (2015), wanda abokin aikina yake yawan kawowa: makarantun Ingila da aka ba makin faɗuwa sun ɗaga sakamakonsu daga baya. Haka ne. Amma a can faɗuwa tana jawo sa ido na kusa, kuma kujerar shugaban makaranta tana iya girgiza. Abin da ya biyo bayan makin ne ya yi aiki, kuma shi ne ainihin abin da muka rasa.

Akwai dai abu guda da uba bai sani ba

Duk da haka akwai giɓi na gaske a sanin iyaye, kuma a nan nake ganin ni da abokin aikina za mu iya haɗuwa. Manomin da ya yi karatun allo yana iya auna makarantar allo da kansa. Ya kira yaro bayan sallar magariba ya ce ya biya, ya ji ko ya kai izu nawa, ya gyara masa inda ya karkace. Saukar karatu jarrabawa ce a bainar jama'a, musabaƙar Islamiyya ma haka. Wannan, a ganina, yana cikin dalilan da suka sa amanar iyaye ga waɗannan makarantu ta daɗe ba ta girgiza ba: suna da ma'auni a hannunsu. A boko kuwa uban da bai iya karatun boko ba sai dai ya ga yaro yana tafiya da safe yana dawowa, ana ciyar da shi gaba daga aji zuwa aji. Sai ranar da aka kawo takarda daga asibiti ko saƙo ya shigo waya, a miƙa wa ɗan aji biyar, ya kasa. Gwajin karatun farko da aka yi a 2014 a Kano, Jigawa, Kaduna da Katsina ya nuna mafi yawan yaran ƙananan azuzuwan da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta gajeren labarin Hausa ba. Makin "matsakaici" a ƙofar makaranta ba zai gaya wa uba ko ɗansa yana cikinsu ba.

Kayan aikin da zai gaya masa yana nan, kuma an gwada shi a wannan yanki. Shirin KaLMA da aka fara a 2019 a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil ya yi amfani da gwaji mai sauƙi: a zaunar da yaro shi kaɗai, a ga ko yana gane harafi, ko kalma, ko sakin layi, ko labari, sannan a koyar da shi daga inda ya tsaya. 'Yan mintuna ake yi. Ana iya yin sa a gaban uba da mai unguwa da 'yan kwamitin kula da makaranta, kuma wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane da kunnensa ko yaron ya karanta ko ya yi shiru.

A nan ma dole in ja linzami. A gundumar Jaunpur ta Indiya, Banerjee da abokan aikinsa (2010) sun tarar cewa sanar da mutanen ƙauye matakin karatun 'ya'yansu, shi kaɗai, bai motsa makarantun gwamnati ba. Inda aka ga canji shi ne inda aka horar da matasan gari suka buɗe azuzuwan koyon karatu. A Kenya ma Lieberman, Posner da Tsai (2014) ba su ga tasirin bayani zalla ba. Don haka iyakar abin da hujja ta ba ni damar faɗa shi ne: sakamakon karatun yaro ya fi makin sufeto amfani ga uba, kuma ko shi sai an haɗa shi da ƙofar da uban zai ƙwanƙwasa a amsa masa.

Kada a fahimce ni da cewa aikin duba makarantu ba shi da amfani. Wani nazarin Muralidharan da abokan aikinsa (2017) a karkarar Indiya ya nuna inda jami'ai suka fi yawan leƙawa, fashin malamai ya fi raguwa. Ziyarar ba-zata, a kai a kai, wadda rahotonta yake isa teburin mai ikon tura malami da gyara rufi, ita ce ta cancanci man babur da alawus. Fuskar rahoton sufeto ma'aikata ya kamata ta kalla.

Akwai kuma wurin da hukuncin hukuma yake da nauyi a zaɓin iyaye, ba na musun sa. Uban da zai biya kuɗi a sakandare mai zaman kanta a Bici ko Dambatta yana buƙatar sanin ko gwamnati ta yi mata rajista, ko tana da izinin zama cibiyar jarrabawar WAEC ko NECO, domin idan babu, shekarun yaro da kuɗin hatsin da aka sayar suna cikin haɗari. Wanda zai kai 'yarsa makarantar kwana, tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020, yana buƙatar tabbacin katanga da masu gadi da ruwa da abinci, abubuwan da ba zai gani daga ƙauyensu ba. Kwalejojin kimiyya irin ta Dawakin Tofa, da aka kafa a 1977, sunansu ya ginu ne a kan ɗaliban da suka yaye, amma ko su iyaye suna da haƙƙin jin halin ɗakunan kwanansu daga bakin hukuma. A waɗannan wurare makaranta tana nesa da idon uba, kuma tambayar mai amsar e ko a'a ce. Sufeto yana iya amsa ta da gaskiya a ziyara guda.

Kirana ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano da hukumar ilimin bai-ɗaya shi ne su jingine batun kafe maki a ƙofar firamaren ƙauye. A ba jami'an dubawa na ƙananan hukumomi abin hawa da mai domin su riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba, a wajabta wa ofishin sakataren ilimi amsa kowane rahoto a rubuce cikin wa'adin da aka ƙayyade, sannan sau ɗaya a kowane zango a gwada karatun yaran aji uku a gaban iyayensu, a karanta sakamakon da Hausa a ƙofar gidan dagaci tare da adadin malaman da makarantar take bin gwamnati bashi.